Yawa daban, tsanani daban: amsa ga ɗalibin da kalmar "ƙarfi" ta rikita

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyar na sakandare a Rigasa. A darasin fiziks an koya mana kalmar intensiti a babin haske da sauti. Da na tambayi ma'anarta da Hausa sai aka ce min ƙarfi. To amma fos ma an ce ƙarfi, pawa ma ƙarfi, enaji ma ƙarfi. Wanne ne wanne? Kuma ita ce muke nufi a gida idan mun ce tsananin zafi ko tsananin sanyi? Sannan malaminmu ya ce idan aka kunna lasifika biyu maimakon ɗaya, ƙarar ba ta ninkawa a kunne. Ni dai ban yarda ba."

Wa alaikumus salam ɗana. Rikicewar nan ba laifinka ba ce. Mu malamai ne muka lafta wa kalmar "ƙarfi" kaya kamar a-kori-kura ranar kasuwa, duk abin da muka rasa sunansa sai mu jefa mata. Idan na fahimce ka, kana son a raba maka wannan kalma da 'yan uwanta, ka san ko ita ce "tsanani" da muke faɗa a gida, sannan a yi maka shari'a tsakaninka da malaminku kan lasifika. Shari'ar dai malaminku ne zai ci, amma sai mun bi ta hanya kafin mu kai can.

Ni a ajina "tsanani" nake cewa. Ba wata hukuma ce ta yanke haka ba, zaɓina ne, za ka iya jin wani malamin ya ce "kaifi". Na zaɓe ta ne saboda Bahaushe tun fil'azal ya raba yawa da tsanani, ko da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. Mahaifiyarka ta jajjaga attaruhu biyar ta zuba a 'yar tukunyar miyar mutum uku, kowa sai ya ci yana jan hanci yana neman ruwa. Ta zuba attaruhu biyar ɗin nan a tukunyar suna, wadda mata biyu ke kamawa su sauke, ba wanda zai san an sa yaji. Attaruhun bai ragu ba. Abin da ya canza shi ne nawa ne ya faɗa a kowane cokali. Idan ka riƙe tukwanen nan biyu a ranka, ka riƙe rabin darasin.

Sauran rabin lissafi ne. Fos turi ne ko ja, shi ka ajiye shi gefe, ba shi da gurbi a wannan magana. Enaji shi ne makamashi, ana auna shi da jul. Pawa ita ce saurin kashe makamashi ko isar da shi, wat ɗaya na nufin jul ɗaya a kowane sakan. Tsanani kuwa shi ne ka ɗauki wat ɗin nan ka raba shi da faɗin filin da ya sauka a kai. Shi ya sa ma'auninsa wat a kowane murabba'in mita, wato a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, kusan rabin ƙaramar tabarma. Duk tambayar jarrabawar da ta zo maka a wannan babi, nemi abu biyu: wat nawa, a kan fili nawa.

Ranar Kaduna da farantin sola

Bayan koyarwa ina taɓa aikin haɗa sola, kuma a nan ne nake ganin yadda rashin raba yawa da tsanani ke haddasa rigima. Hasken rana yana isowa saman sararin duniya da kimanin wat 1,361 a kowane murabba'in mita. Iska da ƙura da tururin ruwa su ci nasu, abin da ke sauka ƙasa da tsakar rana idan gari ya washe kusan wat 1,000 ne. Da wannan adadin masana'antu ke gwada farantan sola, a zafin digiri 25. Faranti mai faɗin murabba'in mita biyu, wat 2,000 na haske ke sauka a kansa, shi kuma kusan kashi 20 cikin ɗari yake iya mayarwa wuta, sai a rubuta masa wat 400 a baya.

Na taɓa haɗa wa wani Alhaji a Unguwar Dosa. Bayan mako biyu, cikin hunturu, ya kira ni da ƙarfe takwas na safe ransa a ɓace, wai injin yana nuna ƙasa da rabin abin da aka rubuta, an sayar masa da jabu. Na je, na nemi tsani muka hau tare da yaronsa. Na sa yatsa na ja layi a kan farantin, ƙura ta taso har da shatin yatsan. Rana kuma tana can gabas a kwance, an lulluɓe ta da hazo, har mutum zai iya kallon wajenta bai runtse ido sosai ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, farantin bai yi maka ƙarya ba, ranar da aka yi alkawarin da ita ce ba ta fito ba tukuna." Muka wanke shi da tsumma da ruwa, na ce ya sake dubawa bayan azahar. Bai sake kira da faɗa ba. Amma na gaya masa gaskiya cewa ko a bazara da wuya ya ga 400 cif, domin faranti idan ya ɗauki zafi a kan kwano, abin da yake bayarwa raguwa yake yi.

Kwanciyar ranar nan ita ce abin lura. Haska tocila a bango kai tsaye, za ka ga ɗan da'ira mai haske sosai. Karkata hannunka, da'irar ta miƙe ta yi tsawo, hasken ya dusashe. Tocila ɗaya, batir ɗaya, filin ne ya ƙaru. Haka rana take yi da safe da yamma, haka kuma take yi tsakanin watanni. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. A tsakiyar Afrilu rana tana bi ta tsakar kanmu sak, ka tsaya da azahar ka ga inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. Tana maimaita haka a ƙarshen Agusta, sai dai lokacin marka ce, gajimare ya tare ta. A ƙarshen Disamba kuwa ko da rana ta take, a karkace take ta kudu da kusan digiri 34, kuma wannan kaɗai yana rage abin da ke sauka a kowane murabba'in mita na ƙasa da wajen kashi 17 cikin ɗari, kafin a zo kan hazo da busasshiyar iskar arewa. Ɗalibaina kan yi mamaki idan na ce musu a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. Wato lokacin da muke ƙudundune da bargo muna jin ɗumin wutar mai shayi, lokacin ne muka fi kusa da ita. Karkata da ƙura sun fi wannan ɗan bambancin nisa tasiri.

Ana iya juya lissafin ta ɗaya gefen. Madubin ƙara girman rubutu mai faɗin santimita 6, idan ya tattara hasken da ya faɗo masa a ɗigo mai faɗin milimita 3, ya matse filin sau 400. Takarda sai ta kama hayaƙi. Madubin bai ƙara ko wat ɗaya ba.

Nisa

Akwai doka ɗaya da za ta bi ka har jami'a. Abin da ke fitowa daga ƙaramin wuri yana bazuwa ko'ina, kamar hasken ƙwan lantarki ko ƙarar janareto a fili, idan ka ninka nisanka da shi tsananinsa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ka ninka nisan sau uku, ɗaya cikin tara. Dalili shi ne hasken yana bazuwa ne kamar balan-balan da ake hurawa, kuma faɗin fatar balan-balan yana ƙaruwa ne da nisa sau nisa.

Ka shiga Panteka ka tsaya wajen masu walda ka gani. Mai gida yana durƙushe da gilashinsa baƙi, fuskarsa kamar rabin mita daga wutar. Yaronsa da ke riƙe masa ƙarfen, sau da yawa ba gilashi, sai dai ya kau da kai ya ɗan leƙo. Mai wucewa a mita biyar yana samun kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na abin da ke dukan fuskar mai gidan. Yaron kuwa yana cikin wutar tsundum, kuma shi ne zai farka tsakar dare idonsa na zubar da hawaye kamar an zuba masa yashi. A nan akwai wani abu da ya wuce tsanani, wato irin hasken. Wutar walda tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fatar ƙwayar ido. Albat Ainstain ya bayyana a 1905 cewa haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma makamashin kowace ƙwaya ya dogara ne da irin hasken, tsanani kuwa yawan ƙwayoyin ne kawai. A kan wannan aiki ya samu kyautar Nobel ta 1921. Shi ya sa za ka kwana gaban jan garwashi idonka lafiya, amma ɗan leƙen walda ya hana ka barci. Gilashin walda bai kai kuɗin zuwa Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando ba, kuma ina ganin mai gidan da ya bar yaronsa ba gilashi ya ci amanarsa.

Dokar nisan nan tana da iyaka. A fili take aiki sosai. Cikin ɗaki bango yana maido da sauti da haske, tocila kuma an yi mata madubi a ciki don ta hana hasken watsewa, saboda haka kada ka auna a ɗakinku ka ce littafi ya yi ƙarya.

Shari'ar lasifika

To mu zo kan inda ka ƙi yarda. Kai da malaminku kuna magana ne kan abu biyu daban. Lasifika biyu iri ɗaya suna ninka tsananin sautin, wato wat ɗin da ke sauka a kowane murabba'in mita, a nan kana da gaskiya. Amma kunne ba ma'aunin wat ba ne. An halicce shi ya ji motsin sauro kuma ya jure wa tsawa, kuma tsakanin mafi ƙanƙantar sautin da yake iya ji da wanda ke sa shi ciwo akwai ninki kusan tiriliyan ɗaya. Babu yadda za a yi ya ɗauki wannan zango idan ƙidaya yake yi ɗaya bayan ɗaya. Sai yake ji da ninki: sai abu ya ruɓanya sosai yake cewa an ƙara.

Don haka aka yi ma'aunin desibel, wanda aka ciro sunansa daga na Alekzanda Giraham Bel, mai tarho. Mafi ƙanƙantar abin da lafiyayyen kunne ke ji shi ne desibel 0. Duk ƙarin desibel 10 na nufin tsanani ya ninka sau goma. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. Daga 120 zuwa sama kunne ke fara ciwo. Ninka tsanani sau biyu kuwa desibel 3 kacal yake ƙarawa. Idan lasifikar gidan biki tana ba da 90, aka kawo ta biyu, 93 za a samu, ba 180 ba. Kunne zai ji an ɗan ƙara, shi ke nan. Kafin yawancin mutane su ce ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato lasifika goma. Malaminku ya ci shari'a, ka je ka ba shi hannu.

Amma kada wannan ya yaudare ka, domin a nan ne gizo ke saƙar. Kunne yana jin ƙarin kaɗan ne, ɓarnar kuwa tana bin ainihin tsananin. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da ita ita ce awa 8 a desibel 85, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: awa 4 a 88, awa 2 a 91, awa 1 a 94, kusan minti 15 a 100. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ka lura da mai injin markaɗe da ya daɗe a sana'ar, sai ka ɗaga murya yake jin ka ko da injin a kashe. Ni akwai manhajar auna sauti a wayata, nakan gwada wa ɗalibai a bakin titi, amma waya ba na'urar awo ba ce, hasashe kawai take bayarwa. Kuma ni malamin fiziks ne. Wanda kunnensa ke yi masa ƙugi bayan ya bar wajen ƙara, ko yake yawan cewa "na'am?", likita zai gani, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa nan a garinmu.

Abin da fiziks zai iya ba ka kyauta shi ne nisa. Janareton da ke mita ɗaya daga taga, ka mayar da shi mita biyu ka rage desibel 6, mita huɗu ka rage 12, kuma ka nisanta hayaƙinsa daga masu barci, wanda ya ma fi ƙarar haɗari.

Haske ma haka ido ke yi masa. Farin wata na daren sha huɗu bai kai luks ɗaya ba, luks kuwa shi ne ma'aunin hasken da ya sauka a wuri kamar yadda ido ke ganinsa. Tsakar rana tana iya kai 100,000. Duk da haka a farin wata yara na wasa a dandali suna gane juna. Nan ma za ka haɗu da wata kalma a littafi, kandela, ma'aunin tsananin hasken fitila ta fuska ɗaya, wanda ya yi kusan daidai da hasken kyandir guda. Idan kuma an aike ka sayen ƙwai, daina tambayar wat nawa, wannan wutar da yake ci ce. Duba lumen, ma'aunin yawan hasken da ƙwan ke fitarwa. Ƙwan zamani mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60 wanda yawancin wutarsa a zafi take tafiya.

Inda kalmar ta fita daga babin haske

Tambayarka ta biyu, ko ita ce tsananin da muke faɗa a gida. Wani lokaci ita ce, wani lokaci 'yar uwarta ce. Dubi ruwan sama. Masana yanayi suna auna shi da milimita, kuma milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kowane murabba'in mita. Ruwa mai milimita 30 a kan rufin gida mai mita 10 sau 10 lita 3,000 ne, duro goma sha biyar ke nan. Idan yayyafi ne ya wuni yana yi awa goma, milimita 3 ne a awa, ƙasa ta shanye abinta, manomi ya yi hamdala. Idan ya tsuge kamar da bakin ƙwarya cikin rabin awa, milimita 60 ne a awa, indararo ya kasa, kwatar da aka cika da leda da robar ruwa ta yi amai, ruwa ya shiga ɗakuna. Ruwa ɗaya ne, duro goma sha biyar. A nan da lokaci aka raba, amma tunanin bai canza ba. Ambaliyar Kogin Kaduna da ke damun mutanen Kigo Road ita kuma ta fi alaƙa da yawan ruwan: ruwan kwanaki da ya taru daga can sama, ƙasa ta ƙoshi, kogi ya cika ya batse.

Girgizar ƙasa ma an raba mata. Girmanta lamba ɗaya ce, makamashin da ya fita daga tushenta, irin ma'aunin da Rikta ya fito da shi a 1935. Tsananinta kuwa ya danganta da inda kake tsaye, ana auna shi da ma'aunin Makali mai hawa 12, bisa abin da mutane suka ji da abin da ya samu gine-gine. Motsin ƙasar da aka yi a Kwoi ta ƙaramar hukumar Jaba a Satumban 2016 ya firgita mutanen garin har bangaye suka tsage, mu kuwa a cikin Kaduna labari muka ji. Girma ɗaya, tsanani iri-iri.

Masu motsa jiki da asuba a Dandalin Murtala su ma suna da nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 na mai tsanani. Hanyar ganewa ba ta bukatar na'ura: idan kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba, matsakaici ne, idan kalma biyu uku ke fita sai ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Harafin I da kuke rubuta wa karan lantarki a aji ma daga kalmar Faransanci ta tsanani ya fito, tun zamanin Amfiya wanda ma'aunin ke ɗauke da sunansa, ko da yake shi a lissafin jarrabawa ba a raba shi da faɗin fili kamar tsananin haske.

Tsananin zafi da tsananin sanyi da ka ambata, a nan sai ka yi hattara. Idan ka ce rana ta yi tsanani kana tsaye a cikinta, ka yi kusa da ma'anar fiziks. Idan kuwa daren Afrilu ne, an ɗauke wuta, ɗaki ya ɗau zafi kana ta fifita, ba hasken da ke sauka a kanka, digirin zafin iska ne da gumin da ya ƙi bushewa. Sanyi ma ba wani abu ne da ke sauka a jiki ba, ɗumin jikinka ne ke fita da sauri. Tsananin ciwo da tsananin yunwa da tsananin so kuwa ba su da wat. Likita kan ce wa majiyyaci ya ba ciwonsa maki daga sifili zuwa goma, kuma takwas ɗin wani biyar ɗin wani ce. A takardar jarrabawa kada ka kawo waɗannan.

Ga aikin gida, tunda kai ba ka yarda sai ka gani. Samu gwangwanin madara wanda gefensa yake a miƙe, yanke murfin gaba ɗaya, ka ajiye shi a tsakar gida nesa da indararo da bishiya. Idan ruwa ya sauko duba agogo, idan ya ɗauke sake dubawa, sa rula ka auna zurfin ruwan da milimita, ka raba da awoyin da ya yi. Yi haka sau biyar a daminar bana, ka rubuta kusa da kowace lamba ko kwatar layinku ta cika ranar ko ba ta cika ba, sannan ka turo min.